Littafi Na Uku Bai Fito Ba

Yau na ɗan ajiye labarin soyayyar da kuka san ni da shi, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban amayar da ita ba ba za ta bar ni in sake ba. Abin da ya tayar da ita shi ne tambayar da matasa suke yawan yi mini, wani ta waya, wani idan mun haɗu wurin ɗaurin aure: "Malam, wane littafin yaƙi za ka ce in karanta?" Sai su ga na yi jim, na kama tambayarsu me suka taɓa karantawa, nawa ne a aljihunsu, har wasu su ɗauka rowa ce ko jan aji. Wallahi ba rowa ba ce, akwai dalili, kuma shi na zo in gaya muku.

Ni mutumin Farin Dutse ne a ƙaramar hukumar Gwaram. Lokacin da aka haife ni a jihar Kano muke, sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa muka wayi gari a cikinta ina dab da gama firamare. Sakandare kuwa a Birnin Kudu na yi ta, kuma iyakar bokona ke nan. A can ne na haɗu da wani dattijo mai ba da hayar littattafai a bakin tasha, gefen titin nan da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri. Duk jarinsa bai wuce tebur ɗaya da akwatunan ƙarfe biyu ba, sai igiya da yake ɗaurewa ya rataya sababbin fitowa kamar shanya. Baba mai haya muke ce masa. Za ka ba da naira biyar ka tafi da littafi kwana biyu, in ka yaga bango ka biya tara, in kuma ka ɓatar to kada ka ƙara bi ta gabansa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu haya shi ne, ba ya rataya littafi sai ya karanta shi. Da dare yake yi da fitilar ƙwai, tabaransa ɗaure da zare. Saboda haka idan ya ce maka ɗauki wannan, to ka ɗauka kawai. Akwati ɗaya na cikakkun labarai ne, ɗayan kuma na waɗanda yake kira marayu, wato waɗanda aka buga na ɗaya da na biyu, ƙarshen bai zo ba. Idan ka miƙa hannu cikin wannan akwatin sai ya riƙe maka hannu ya ce, "Yaro, wannan ba shi da gindi. In ka ɗauka kada ka dawo kana yi mini ƙorafi." Sau da yawa yana hana kansa ciniki ta haka, mu kuwa a lokacin wauta muke gani.

Ranar farko da na ce masa ina son labarin aljanu da takubba, bai ba ni sabon fitowa ba. Wani tsohon Ganɗoki ya zaro mini wanda bangonsa ya sha gam. Ya ce in fara da uba kafin in san 'ya'ya. Daga baya ne na san cewa littafin nan na Malam Bello Kagara yana cikin guda biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Ka ga ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labari da boko a ƙasar Hausa, da aljanunsa da sadaukansa ya zo. Daga Ganɗoki ya miƙo mini Ruwan Bagaja, na yi ta dariyar Malam Zurƙe har aka kore ni daga ɗakin karatun dare. Sannan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalin labarinsa na wani jarumin Rasha ne aka yi masa riga da wando na Hausa. Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya ɗauke ni zuwa sararin samaniya ina zaune a kan benci.

Duk waɗannan hukuma ce ko kamfani ya buga su, akwai masu dubawa, akwai masu gyara. Sai da na gama da su sannan Baba mai haya ya buɗe mini ɗaya duniyar, ta littattafan da masu su suka buga da kuɗin aljihunsu. Wannan harka ta kankama ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanoni irin su NNPC ta Zariya suka koma kan littattafan makaranta, matasa kuma suka ce ba za su zauna jira ba. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu, sunan kuma ya bi mu har yau. Mutane sun fi sanin ɓangaren soyayya, amma a gefensa akwai wani reshe da samari suka riƙe da hannu biyu, shi ne na yaƙi da tsafi da aljanu. A nan na san Malikussaif na Aliyu Abubakar Sharfaɗi, na san rubutun Abdul'aziz Sani Madakin Gini, na san su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro da suka yi suna a labaran ban tsoro da ban al'ajabi. Turawa sai da Amazon ta buɗe musu ƙofa a 2007 sannan bugun kai ya bunƙasa a wurinsu, mu kuwa a lokacin mun fi shekara 20 muna yi a lungunan Kano.

Da na tashi yin nawa rubutun, soyayya na kama, domin ita ce take fita da sauri a kasuwa, mata su ne manyan masu saye. Amma zuciyata tana can wurin takubba. To shigata harkar ce ta sa na gane yadda ake samun marayun nan na akwatin Baba, kuma ya kamata mai karatu ya sani kafin ya zagi kowa.

Marubuci zai cika littafin rubutu da biro, ya kai wa mai kwamfuta ya buga masa, a yi faranti, a sayi takarda irin ta jarida mai araha, a biya mai zanen bango, a biya maɗaba'a, a biya masu naɗewa da ɗinkewa. Kuɗinsa ba zai isa ya buga labarin gaba ɗaya ba, mai saye ma ba zai iya sayen ƙaton littafi ba, sai a yanka shi kashi uku ko huɗu, kowane ɗan siriri. Za a tsayar da na ɗaya daidai inda aka ɗaga takobi za a sare jarumi. Daga nan sai a ɗauki kaya a kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, mafi yawa bashi, su kuma su rarraba wa masu sari daga Gusau, Zariya, Jos, Maraɗi, har irin su Baba mai haya. Kuɗin na ɗaya shi ne jarin na biyu, kuɗin na biyu shi ne jarin na uku. Idan kuɗi suka maƙale a hannun wani, ko matar marubuci ta haihu, ko takarda ta tashi, shi ke nan labari ya tsaya. Takardar ma duk daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antunmu na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe tun cikin shekarun 1990. Ba wani edita a tsakani, ba mai cewa wannan bai nuna ba a koma a sake. A 2007 an ƙona wasu littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista, amma su abin da suke dubawa tarbiyya ce. Ko labari ya yi daɗi, ko yana da ƙarshe, wannan ba aikinsu ba ne. Abin da kawai yake kare kuɗin mai karatu shi ne bakin wanda ya riga shi karantawa.

Yanzu bari in zo kan laifina.

A shekarar 2009 wani abokina marubuci, wanda ba zan kama sunansa ba domin muna tare har gobe, ya fitar da littafin yaƙi na ɗaya da na biyu. Mutumin nan ya taɓa yi mini rana. Lokacin da wani littafina ya maƙale a maɗaba'a saboda cikon kuɗi, shi ya cika mini ba tare da na roƙa ba. Ya ba ni kwafi goma ya ce in taya shi talla a wajenmu. Bangon ya yi kyau ƙwarai, ga wani basamude da gatari, ga wuta tana fita daga bakin maciji. Na duba shafi uku na farko a cikin mota kafin mu kai Wudil, barci ya ɗauke ni, ban ƙara buɗe shi ba.

Da na isa gida Farin Dutse, ɗan yayata ya zo gaishe ni. Yaro ne ɗan shekara 14 a lokacin, kuma ni na ɗora shi a kan karatu, domin duk zuwana sai na taho masa da wani abu. Ya ga littattafan a kan tabarma, idonsa ya kafe a kan bangon. Ya ce, "Kawu, wannan yana da daɗi?" Na ce masa, "Kai dai bari, ba ka taɓa karanta irinsa ba." Haka kawai na faɗa, ban ji komai a raina ba. Da ma kyauta na ba shi da da sauƙi, amma kayan mutane ne, sai na ce in yana so ya kawo kuɗi. Yaron nan ya tafi ƙwadago, ya yi kwanaki yana cirar gyaɗa a gonar mutane, ranar kasuwar Sara kuma ya je ya yi dako. Ya kawo mini kuɗin na ɗaya da na biyu a ƙulle cikin leda, duk canji. Bai tsaya nan ba, ya jawo abokansa uku su ma suka saya, domin ya gaya musu kawunsa marubuci ne kuma ya ce babu irinsa.

Bayan wata biyu na dawo. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, na ukun fa?" Na ce yana hanya. Na sake dawowa da sallah, ya sake tambaya, na ce ana kan bugawa. A zuwa na uku bai tambayi littafin ba. Cewa ya yi, "Kawu, tunda kai ka karanta, ka gaya mini kawai. Da suka jefa shi rijiyar nan suka rufe da dutse, yaya aka yi ya fita?"

Ban san an jefa kowa a rijiya ba. Ko sunan jarumin ban riƙe ba. Na buɗe baki zan ƙaga masa wani abu, tunda ƙaga labari sana'ata ce, sai na ga yadda yake kallona, na kasa. Shirun da na yi ya ishe shi amsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe ba ka karanta ba." Ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita. Na bi shi da kuɗinsa har zaure, ya ce in bar su, ai ya karanta littafin, ya ci kuɗinsa.

A daren nan na zauna na karanta duka biyun. Gaskiya ɗaya ce, littafin bai yi ba. Yaƙi ɗaya ne ake maimaitawa ana canza sunan gari, duk sadaukin da ya fito sai an ce ba a taɓa ganin kamarsa ba, a shafi na gaba a sare shi kamar kabewa. Wanda aka kashe a na ɗaya sai ga shi yana magana a na biyu, ba tare da an ce tsafi ne ya tashe shi ba. Wuri ɗaya ne ya yi rai, wato wurin rijiyar, kuma a nan aka tsaya. Da na koma Kano na sami abokina na ce don Allah ya gaya mini yadda jarumin ya fita, ko in kai wa yaro. Ya yi dariya ya ce shi ma bai sani ba tukuna, yana jira ne kuɗin na biyu su fito sannan ya zauna ya yi tunani. Kuɗin ba su fito ba. Yau shekara goma sha ke nan, mutumin nan yana cikin rijiya.

Ɗan yayata ya girma, yana da iyalinsa, yana girmama ni kamar da. Bai daina karatu ba, na sha ganin littafi a aljihunsa. Amma tun daga ranar bai ƙara tambayata me zai karanta ba. Abokansa kuwa sun daɗe suna tsokanarsa da "babu irinsa", kuma ɗaya daga cikinsu daga wannan littafin bai ƙara sayen wani ba. Ni da nake kukan makaranta suna raguwa, ga shi da hannuna na kori guda.

Tun daga nan na koma kan tsarin Baba mai haya, Allah ya jiƙansa, domin ya rasu ban samu na gaya masa ya fi ni gaskiya ba. Ba na cewa a karanta littafi sai na kai shafinsa na ƙarshe. Idan maraya ne nakan faɗa tun farko, wanda ya ga zai iya ya ɗauka. Idan na aboki ne nakan ce na abokina ne, domin mai ji ya san yadda zai auna maganata. Na rasa wasu abokai a kan haka, akwai wanda ya ce hassada ce take damuna. Na haƙura, domin shi marubuci zai iya sake wani littafin, amma yaron da ya yi dako ya saya ba lalle ya dawo ba.

Akwai kuma abin da nake dubawa a cikin labarin kansa. Ina so tsafi ya kasance yana da iyaka da farashi, in boka zai iya komai a kowane lokaci to me ya rage a ji tsoro? Ina so jarumi ya taɓa faɗuwa, ya ji ciwo, ya yi kuskure da kansa. Ina so in rufe littafi in iya tuna mutum ɗaya a ciki da halinsa, kamar yadda kowa yake tuna Malam Zurƙe bayan shekara 90. Sannan ina da wani ƙorafi a kanmu gaba ɗaya: kullum labaranmu a Misra suke ko Bagadaza ko Birnin Sin, da sunaye masu karya harshe. Ba laifi ba ne, Dare Dubu da Ɗaya ne ya raine mu. Amma a nan Birnin Kudu akwai Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka shuɗe tun ba a san ranarsu ba suka bar zanen shanu a jikin dutse, ga kuma duwatsun da in ka buga su suke amsawa kamar ƙararrawa. Muna ɗalibai mun je mun buga da hannunmu, tsigar jikina ta tashi. Duk marubucin da ya kawo mini labarin aljanun da suke zaune a irin wannan wuri, suna jin Hausa da Fulatanci, to ya riga ya sami rabin zuciyata kafin in buɗe shafi na biyu.

To ga amsar tambayar da ake yi mini, gwargwadon abin da na karanta da idona. Wanda bai taɓa shiga wannan fage ba ya fara da Ganɗoki da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, gajeru ne, cikakku ne, Hausarsu kuma za ta gyara masa kunne. Daga nan ya nemi Malikussaif. Tushensa tsohuwar hikayar Larabawa ce a kan Saifu ɗan Zi Yazan, sarkin Yaman na ƙarni na 6 wanda ya yaƙi Habashawa, kuma za ka ji bambancin labarin da yake da ƙashin baya. Sannan ya shiga rubutun Madakin Gini, irin su Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, domin a wurin zana fagen fama da saurin labari mutumin nan gwani ne, shi ya sa samari suka yi masa mubaya'a. Shawarata ita ce ka tabbatar ka haɗa kashi-kashin labari duka a hannunka kafin ka fara, kuma kada ka jera littattafan yaƙi biyar a mako ɗaya, za su zame maka abu guda. Ka sa wani abu daban a tsakani.

Na san zamani ya juya. Teburan haya irin na Baba sun yi ƙaranci, gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta taɓa 'yan kasuwa da yawa, faɗuwar naira tun 2023 ta sa takarda ta fi ƙarfin ƙaramin marubuci. Yanzu a waya ake karatu, wasu kuma sauraro suke yi a YouTube. Manhajar OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu a ciki ta rufe a ƙarshen 2023. Amma marayu ba su ƙare ba, ƙaruwa ma suka yi. Yau za ka biya kuɗi a sa ka cikin rukunin masu karatu, a kai shafi na arba'in marubuci ya ɓace. Kuma yawancin tsofaffin littattafan nan babu wani ɗakin karatu a kusa da mu da ya adana su, takardarsu tana yin ja tana karyewa, gara tana cin sauran. Abin da ya rage musu shi ne wani ya ce wa wani karanta wannan, shi kuma ya yarda. Idan muka ɓata wannan yardar da yabon ƙarya saboda kunya ko abota, to mun rufe musu ƙofar da ta rage.

Ina da akwatin ƙarfe biyu yanzu a ɗakina a Farin Dutse, ɗaya na cikakku, ɗaya na marayu. Littafin abokina yana saman na biyun. Kwanan baya babban ɗan ɗan yayata, wanda bai wuce shekara takwas ba, ya shigo ya buɗe ya ɗauko shi saboda hoton macijin. Na riƙe masa hannu na ce, "Wannan ba shi da gindi, ajiye." Na zaro masa Ganɗoki. Ubansa yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba, amma ya bar yaron ya tafi da shi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ƙarama da babba. Wanda yake da tsofaffin littattafan nan a ƙarƙashin gado, don Allah ya fito da su ya kakkaɓe, ya haɗa kowane da 'yan uwansa, ya ba wani yaro aro. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu, wanda na yi muku alkawari na riga na rubuta ƙarshensa.